Maganaɗisu Daban, Jan Nauyi Daban

Wannan makon ƙorafi muka zo da shi a kan kalma guda ɗaya, sai dai ƙorafin yana da jela mai tsawo, don haka a gyara zama.

Kalmar ita ce maganaɗisu. Duk mai sauraron labaran kimiyya da Hausa, ko mai karanta fassarorin da ke yawo a intanet, ya sha jin an ce maganaɗisun ƙasa ne ke sa abu ya faɗo in an sake shi. Wani ma zai ƙara da cewa 'yan sama jannati suna shawagi ne saboda babu maganaɗisu a can. Mu da muka tashi a Durun ba ma bukatar ɗakin gwaji kafin mu gane akwai gyara a maganar. Da wuya ka sami yaron da bai taɓa fasa matacciyar rediyo ya ciro baƙin ƙarfen nan na bayan lasifika ba. Mun ja shi cikin yashi, mun kama allura da ƙusa da marfin kwalba. Amma ko an kwana ana gwadawa ba zai kama goro ba, ba zai kama dabino ko ƙwarya ba. Ai shi ya sa iyayenmu suka ce masa mayen ƙarfe, ba su ce mayen komai ba. Abin da ke jawo goro ƙasa kuwa ba ya zaɓe. Dutse da auduga da ɗan akuya duk nasa ne.

Bambancin bai tsaya nan ba. Mayen ƙarfe yana ja, yana kuma turewa in ka juya masa ɗan uwansa ta wancan gefen. Jan nauyi, wanda shi ne sunan da za mu riƙe a wannan rubutu, ja kawai ya sani. Kuma rago ne ƙwarai in an gwada su: ɗan guntun mayen ƙarfe da bai fi ƙwayar gyaɗa ba yana ɗaga allura sama alhali duniya gaba ɗayanta tana janta ƙasa, kuma shi ke yin nasara. Babbar asarar ma ita ce wannan: duniya tana da maganaɗisu na gaskiya, shi ne ke juya allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita. In muka ba jan nauyi wannan suna, ranar da muka zo rubutu a kan kamfas sai mu tarar mun riga mun kashe kuɗin. Su kuwa 'yan sama jannatin da ke tashar nan mai nisan kusan kilomita 400 daga ƙasa, jan nauyin da ke kansu ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke kanmu. Faɗowa suke yi, su da tashar tare, sai dai gudun da suke yi a kaikaice ya sa kullum suna kuskure ƙasar.

Wani zai ce to meye na tayar da jijiyar wuya, ai an gane abin da ake nufi. Ba a gane ba. Tun 1977 Jihar Kano ke da makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa, amma da Turanci ake karatun. Yaron da ya dawo hutu, kakarsa ta tambaye shi me suke koyo, da Hausa zai ba ta amsa, kuma da kalmomin da mu marubuta da 'yan jarida muka ajiye masa. In mun ajiye masa gurguwar kalma, gurguwar fahimta zai kai gida.

Jan nauyi yana da lamba, kuma ana iya jin ta a bakin rijiya. Saki tsakuwa ka ƙirga. A sakan na farko za ta yi kusan mita 5, a cikar sakan na biyu ta yi kusan mita 20, domin kowane sakan gudunta yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan. A riƙe wannan 9.8 ɗin, za mu sake haɗuwa da ita a inda ba a zata ba.

Tambayar da ta dami masana ƙarni da ƙarni ita ce yaya abu ke jan wani abu alhali babu igiya tsakaninsu. Guga mun san da igiya ake jawo shi. Wata fa, me ya ɗaure shi da duniya? Amsar da Michael Faraday ya fara kawowa a kan lantarki da maganaɗisu, James Clerk Maxwell kuma ya zuba ta a lissafi a 1865, ita ce sararin da ke tsakani ba fanko ba ne. Akwai wani hali da ya cika shi, wanda a kowane gurbi yana da ƙarfinsa da inda ya fuskanta. Kalmar da Turawa suka ba wannan abu asalinta gona ce ko fili, kuma masu fassara sukan ce fili. Mu dai mun fi son fage. Fili wuri ne da babu komai, shi ya sa ake sayen sa a yi gini. Fage kuwa wuri ne da ake yin wani abu, fagen dambe, fagen fama. Wanda ya shiga fage ya san akwai abin da zai same shi.

In ana son ganin fage da ido, a tsaya a gefen gonar gero a watan Agusta lokacin da iskar hadari ta taso. Kowane kara ya karkata, wani sosai, wani kaɗan, wani gabas, wani kudu. In da za ka rubuta karkatar kowane kara a gurbinsa, ka rubuta fage ke nan. Sannan ka lura da wani abu: za ka ga kaɗawa ta taso daga wancan bakin gonar ta ratso har gabanka, amma babu karan da ya bar raminsa. Abin da ya yi tafiya siffa ce. Wannan shi ne asalin duk abin da ake kira igiyar ruwa ko ta sauti ko ta haske. Kuma Hausa ba baƙuwa ba ce a nan. Tun da Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957 tsofaffinmu ke murɗa rediyo suna neman mita 16 da mita 19 a gajeren zango. Mitocin nan tsawon kaɗawa guda ne a fagen Maxwell. An ba su kalma mai kyau, sun riƙe ta, babu wanda ya ce ta yi musu nauyi.

A 1915 Albert Einstein ya ce shi ma jan nauyi fage ne, amma fagen nasa shi ne sarari da lokaci su kansu. Abu mai nauyi yana lanƙwasa su, sauran abubuwa kuma suna bin lanƙwasar. Misalin da aka fi bayarwa shi ne a ɗame zani a ɗora kabewa a tsakiya. Muna ba da shawarar a yi hattara da shi, domin abin da ke sa kabewar ta lotsa zanin shi ne jan nauyin da ake son a bayyana, kuma ya manta da lokaci gaba ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci ga marubuci shi ne cewa maganar ta zo da hasashen da za a iya ƙaryatawa: hasken tauraron da ya gifta ta gefen rana dole ya ɗan karkace. Ba a ganin taurari kusa da rana sai an yi husufi. Ranar 29 ga Mayu, 1919, Arthur Eddington ya kafa na'urarsa a tsibirin Firinsife, nan cikin tekun da ke kudu da gaɓar Najeriya, wata tawagar kuma tana Sobral a Barazil. Suka ɗauki hotuna, aka auna, aka ga taurarin sun gusa. Wato ɗaya daga cikin shahararrun gwaje-gwajen ƙarni na 20 a maƙwabtanmu aka yi shi. Waɗanda suka yi wayo a cikinmu kafin 29 ga Maris, 2006, sun san irin wannan duhun, ranar da husufi ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina da Maraɗi, mu ma nan ta dushe da hantsi.

Lokacin da zanin ya manta da shi kuwa yana cikin aljihunmu. Taurarin ɗan'adam da ke nuna wa waya inda take suna nisan kusan kilomita 20,000, kuma agogonsu yana riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. In ba a gyara wannan da lissafin Einstein ba, taswirar waya za ta riƙa kaucewa da wajen kilomita 10 kullum. Kwana biyu ka ga ta kai Durun wata ƙaramar hukuma.

Yanzu mu zo inda muka fi son a daɗe, wato kaɗawar da ba ta bin lissafin tarawa.

Jefa tsakuwa biyu a kududdufi. Zobban kowacce za su bazu, su ratsa juna, inda tudu ya hau tudu tsayinsu ya haɗu, ɗaya da ɗaya biyu, sannan kowa ya wuce abinsa. Haka muryoyi ke ratsa juna a kasuwa ba tare da sun karye ba. Wannan shi ne lissafin tarawa, kuma yawancin abin da ake koyarwa a sakandare a kansa yake, domin yana da sauƙi. Amma yana aiki ne kawai in kaɗawar ƙarama ce. In ta girma, sai ta fara canja hanyar da take bi a kai. Ga yadda abin yake a ruwa marar zurfi: kaɗawa ta fi gudu inda ruwa ya fi zurfi, ƙololuwar tudun kuwa a kan ruwa mai zurfi take tafiya fiye da gindinsa, tun da tudun kansa ƙarin zurfi ne. Don haka ƙololuwa tana cim ma gaba, goshin tudun yana miƙewa, har ya kife. Wannan hali na farko ke nan, tattarewa. Akwai kuma na biyu mai kishiyantar sa. Kowane tudun ruwa haɗin gambiza ne na kaɗawa masu dogon zango da masu gajere, kuma masu dogon sun fi sauri, don haka in an bar su sai su rabu, tudun ya baje ya ɓace. Ɗaya yana son ya tattare, ɗaya yana son ya watsa.

Me zai faru in ƙarfinsu ya zo daidai? A watan Agusta na 1834 wani matashin injiniya, John Scott Russell, yana kallon kwalekwalen da dawaki biyu ke ja a wata siririyar hanyar ruwa kusa da Edinbara a Sukotland. Kwalekwalen ya tsaya farat ɗaya. Ruwan da ya taru a goshinsa bai tsaya ba, ya ware ya zama tudu guda sumul, tsawonsa kamar mita 9, tsayinsa bai kai rabin mita ba, ya kama hanya da gudun kilomita 13 zuwa 14 a awa. Bai kife ba, bai baje ba. Russell ya bi shi a kan doki kilomita biyu zuwa uku kafin ya ɓace masa a kwane-kwanen hanyar. Da yawanmu da mun ba da labarin a majalisa mun wuce wurin. Shi sai ya gina doguwar kwatarniyar gwaji a gidansa, ya yi ta tayar da irin wannan tudu yana aunawa, har ya gano cewa wanda ya fi tsayi ya fi gudu, ya kuma fitar da ƙa'idar. A haɗa zurfin ruwan da tsayin tudun, a ninka da 9.8 ɗin nan ta bakin rijiya, sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon. Ruwa mai zurfin mita 1 da tudu mai santimita 20 zai ba da 11.76, wato gudun kusan mita 3.4 a sakan. Duk wanda ke da hanya ta Kura ko Kadawa, inda magudanan noman rani daga dam ɗin Tiga suke miƙe, yana da irin wurin da ake neman wannan abu: siriri, marar zurfi, mai tsawo.

Manyan masana lissafin zamaninsa, George Airy da George Stokes, ba su gamsu ba, domin ƙa'idojin da ke hannunsu sun ce irin wannan tudu ba zai daɗe ba. Sai a shekarun 1870 Joseph Boussinesq ya nuna zai yiwu, sannan a 1895 wasu 'yan Holan biyu, Korteweg da de Vries, suka rubuta lissafin da ya sa tattarewa da watsewa a layi ɗaya, tudun Russell ya fito daga cikinsa sak. Russell ya rasu tun 1882. Daga nan maganar ta kwanta shekara 70. A 1965 Norman Zabusky da Martin Kruskal a Amurka suka ɗora lissafin a kwamfuta, suka ga abin mamaki: dogon tudu ya cim ma gajere, sun cakuɗe, sannan kowa ya fito da siffarsa da gudunsa, illa ɗan gusawa daga inda ya kamata ya kasance. Ba tarawa aka yi ba, amma babu wanda ya ci wani. Su suka raɗa masa suna soliton. A 1973 Akira Hasegawa da Fred Tappert suka ce haske ma zai iya yin haka a cikin siririn zaren gilashi, a 1980 aka gani a ɗakin gwaji. Kada mu yi zuƙi ta malle, yawancin wayoyin gilashin da ke ɗauke da intanet yau ba da soliton suke aiki ba. Amma lissafin da ya haife shi shi ne wanda injiniyoyi ke amfani da shi su san yadda haske zai lalace a doguwar tafiya.

To ina namu a ciki? Suna nan, kuma ba nesa ba. Duk wanda ya bincika mujallun duniya a kan soliton na haske zai yi ta cin karo da sunayen Aliyu Isa Aliyu da Abdullahi Yusuf da Tukur Abdulkadir Sulaiman, waɗanda takardunsu ke ɗauke da adireshin Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Jami'ar Firat da ke Elazig a Turkiyya. Aikinsu shi ne nemo ainihin amsoshin irin waɗannan lissafai masu taurin kai, na alƙalami da takarda da kwamfuta. Kafin su an yi Farfesa Iya Abubakar, mutumin Belel a Adamawa, wanda ya yi Barewa da Ibadan da Kambirij, ya wallafa bincike a 1962 a kan yadda kaɗawa irin ta girgizar ƙasa ke warwatsuwa in ta daki wuri mai gargada, daga baya ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Mutanenmu sun fi sanin sa da minista da sanata. Duk waɗannan ayyuka da Turanci suke, kuma haka ya kamata, tun da abokan muhawararsu suna Sin da Turkiyya da Jamus. Dawo da labarin gida ba aikinsu ba ne. Namu ne.

Shi ma jan nauyi ba ya bin lissafin tarawa, kuma dalilin yana da daɗin faɗa: a wurin Einstein duk wani makamashi yana da jan nauyi, fagen jan nauyin kansa kuwa yana ɗauke da makamashi, don haka yana jan kansa. Wannan ya sa lissafin abin da zai faru in baƙaƙen ramuka biyu na sararin samaniya suka haɗu ya gagari masana har 2005, lokacin da Frans Pretorius ya yi nasarar bin haɗuwar a kwamfuta har ƙarshe. Shekara 10 bayan nan, ranar 14 ga Satumba, 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, kowacce da hannuwa masu tsawon kilomita 4, suka ji wata girgiza da ta fi faɗin furoton ƙanƙanta sau ɗaruruwa, furoton ɗin da ke can cikin cibiyar atam. Da aka gwada siffarta da abin da lissafi ya hango, sai ta dace da haɗuwar ramuka biyu, ɗaya ya ninka rana nauyi sau 36, ɗaya sau 29, a nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 1.3. Nauyin rana uku ya zama kaɗawa a ƙasa da sakan ɗaya. Kaɗawar ta ratsa duniya duka, har da gonakinmu, a tsakiyar damina. Yanzu a gwada rubuta wannan sakin layi da kalmar maganaɗisu a ga inda za a kwana.

Saura sunan tudun Russell. Hausa tana da kalmomi uku masu kyau, igiyar ruwa da raƙuman ruwa da taguwar ruwa, biyu daga ciki raƙumi suka hango, wanda ya dace da tudu mai tozo da ke tafiya shi kaɗai. Amma kowacce da matsalarta. In ka rubuta igiya ɗaya a zauren da rabin mutanensa marubutan soyayya ne, kowa zai ɗauka saki biyu aka yi. Raƙumin ruwa ba zai shiga zaren gilashi ba, tun da can haske ne. Taguwa tilo ta fi kwanta mana, sai dai a rubuce ba a bambanta ta da taguwar sawa, mai karatu zai iya hango riga guda a kan igiyar shanya. Abin da muke yi a namu rubutun shi ne mu ari soliton kamar yadda aka ari mita, mu bayyana shi da taguwa tilo a karon farko, sannan mu ci gaba. Wanda ke da wadda ta fi, ya gwada ta a jimla uku, ɗaya a kan ruwan magudana, ɗaya a kan haske a zaren gilashi, ɗaya a kan biyu da suka yi karo suka rabu lafiya. In ta tsallake duka ukun, ya ajiye mana ita a ƙasan wannan rubutu.